Babarbare, Ina Tashar Motar Xarvaqiya?

Wushe, bawana. Ni na fara gaishe ka don in rage wa masu karatu wahala, domin in na bari ka riga ni, sai a kira la'asar ba mu wuce "ya gajiya" ba. Littafin da ka turo min ta waya ya iso, babi goma sha biyu cif, kuma na karance shi tas kamar yadda ubangida nagari ke duba aikin yaronsa. Yaƙin ya yi. Takubba sun yi ƙara, aljanu sun yi hayaƙi, gimbiyar ma ba laifi, ko da yake humrar da ka bulbula mata ta isa ta kori rundunar abokan gaba ba tare da an zare takobi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sunayen garuruwanka.

Ranar Laraba da dare, bayan an tashi daga kara, na zauna teburin mai shayi tare da dillalai biyu da wani tsohon direban tirela, na ce bari in yi wa bawana talla. Na buɗe waya na fara karantawa da ƙarfi. A layi na uku na ci karo da babban birnin daularka, Xarvaqiya. Na ɗauko shi ta gaba, harshe ya ƙi. Na zagayo ta baya, ya harbe ni kamar saniyar da ba ta san hannuna ba. Da ƙyar na furzar da wani abu mai kama da atishawa, mai shayi ya ce min "Yarhamukallah". Da na kai birni na biyu, Zulkaramdiyus, sai tsohon direban ya ajiye kofinsa ya dube ni, tsakaninsa da Allah, ya ce, "Wannan kafin a ci abinci ake sha, ko bayan an ci?" Ashe duk zamansa ya ɗauka takardar asibiti nake karantawa.

Haba Babarbare! Baƙaƙe uku, X da V da Q, waɗanda Hausar boko ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, Barbarcinku ma ba shi da su, ka tattaro su ka cusa cikin suna guda kamar wanda ke tsoron za a ƙwace masa su. Su waye suka kafa garin nan? Da wane baki suke magana? Matar da ta aiki ɗanta kasuwar garin, yaya take kiran sunan, tana riƙe da muciya a hannu?

Dajin da jarumin naka ya ɓata a ciki, Mazmaharul Aswad, shi kam har wurin malamin Islamiyyar unguwarmu na kai shi. Ya sa tabarau, ya juya shi, ya ce aswad dai baƙi ne, kowa ya sani, amma mazmahar sai dai a tambayi wanda ya haife shi. Na san inda ka sha wannan ruwan. Littattafan yaƙin nan ne da muka riƙa haya muna samari, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, muna karantawa da fitilar ƙwai har a kashe mana ita. Su masu wannan fagen ɗanɗanon Dare Dubu da Ɗaya suke nema, kuma mai karatunsu ya san haka tun daga bangon littafi. Kai kuwa ka ce mana daularka a nan yankinmu take, ana noma gero, ana kiwon raƙuma, jarumi yana cin burabusko kafin ya hau doki. To, mai cin burabusko ne zai raɗa wa garinsu Xarvaqiya?

Fito ƙofar gida ka dubi garin da kake zaune a ciki. Ngizimawa za su gaya maka Pataskum ne, daga pata, wato daji, da skum, sunan wata bishiya. Bature ya zo ya rubuta Potiskum a takardunsa. Bahaushe kuwa, da bakinsa bai rabe fa da pa ba, ya ce Fataskum, ya wuce abinsa. Gari ɗaya, suna ɗaya, amma bakuna uku sun tauna shi, kowanne ya bar shaidar haƙorinsa. Ga kuma sunan Fika, wanda ya taso daga garinsa ya biyo sarauta lokacin da fadar Moi Fika ta dawo nan a 1924, har yau baƙo yakan rikice in an ce masa fadar Sarkin Fika a Fataskum take. Marubucin da ya ƙirƙiro irin wannan rikicin a littafi, sai a ce ya iya. Mu kyauta muka same shi.

Shiga unguwanni ka saurara: Dogo Nini, Dogo Tebo, Yerimaram, Hausawa Asibiti. Wannan na ƙarshen ko makaho aka faɗa wa ya san su wa ke zaune a wurin da abin da suke maƙwabtaka da shi. Fita waje kuma: Mamudo, Ngelzarma, Damagum, Gadaka, Ngalda, Kukar Gadu, Dogon Kuka. Wasu ka san ma'anarsu, wasu sai ka nemo tsohon da ya gaji harshen, amma duk kana jin cewa wani ne ya sauke kaya a gindin wata bishiya, ko ya haƙa rijiya, ko ya yi faɗa da 'yan'uwansa ya yi gaba, aka kira wurin da abin da aka gani. Ba wanda ya zauna da biro yana neman sunan da zai firgita mutane.

Ni ina da ma'auni guda, kuma ba a jami'a na koyo shi ba. Ka ɗauki sunan garin ka kai wa ɗan kamasho a tasha. In ya iya ɗora hannu a kan mota ya kwarara shi sau uku a jere ba tare da ya sarƙe ba, gari ne. "Azare-Kano! Damagum-Damaturu! Gashuwa mutum ɗaya!" Ka ji yadda suke zama daram a maƙogwaro? Yanzu ka ce masa ya kira Zulkaramdiyus. Kafin ya kai "diyus", motar gaba ta kwashe fasinjojin. Kuma in da garin na gaske ne, wallahi cikin mako guda 'yan tasha za su datse shi ya koma Zulka, ko Karamdi, sunan da ka yi kwana uku kana ƙerawa ya tafi a banza.

Haka suka yi wa Turawa ma, balle kai. A 1913 aka raɗa wa wata tashar jiragen ruwa sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila. Direbobinmu da ke sauke shanu can ba ruwansu da wani Harcourt. Fatakwal suka sani, Fatakwal kuma ya zauna, har a labaran rediyo. Onitsha ta zama Anacha, Istanbul ta zama Santambul, Timbuktu ta zama Tambutu. Bakin Bahaushe dutsen niƙa ne, komai tsaurin ƙwaya sai ta fito gari. Littafinka da Hausa ka rubuta shi, mutanen ciki da Hausa suke ashar a fagen fama, amma sunayen garuruwansu sun fito tsaba, ko surfe ba a yi musu ba.

Da ka nemi shawarata tun farko, da na tura ka wurin Ahmadu Ingawa. Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya fito a 1951, asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, Ilya Muromets. A can, birnin Kiev ne, sarkin kuwa Vladimir. Ingawa ya zuba su a dutsen niƙan nan, suka fito birnin Kib da Sarki Waldima. Yara nawa suka karanta littafin nan a firamare ba tare da ya taɓa ɗarsuwa a ransu cewa garin sanyi da ƙanƙara ake nufi ba? Ni kaina na girma ina zaton Kib wani wuri ne can bayan Borno, inda in mutum ya yi haƙuri da raƙumi zai iya kaiwa. Ba ƙirƙira ya yi daga iska ba, aro ya yi, amma ya yi wa kayan aron wanki da guga har mai shi ba zai gane su a jikinsa ba.

Abubakar Imam kuwa wayonsa ya fi haka zurfi. A Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 aka buga shi a 1934, ya fara ajiye ƙafarka a Kwantagora, garin da kowa ya san yana nan. Ya bi da kai Tambutu, wanda ka taɓa ji a bakin fatake. Daga nan yana ta jan ka daga gari zuwa gari, ba ka ankara da inda ƙasa ta ƙare ba sai ka tsinci kanka a ƙasar Irami ta aljannu. Sunan ma ba baƙo ba ne a kunne, domin duk wanda ya riƙe allo ya biya Iram a cikin Suratul Fajri. Sai ka yarda da wurin kafin a gama kwatanta maka shi. A Magana Jari Ce ga Sinari, ga Sirika, ga Zairana. Ƙirga gaɓoɓinsu: uku-uku, kowanne ya ƙare da wasali, yaro ɗan aji uku zai karanta bai yi tuntuɓe ba. Sinari har haihuwa ya yi, domin 'yar sarkin garin Sinaratu ce. To ita 'yar Sarkin Xarvaqiya fa? Na duba, ka sa mata Falmata. Nan kam jini ya rinjayi alƙalami, kuma ita kaɗai ce a littafin nan na tabbata tana da uwa.

Kada ka ce min ai naka labarin har sararin samaniya ya leƙa, don haka dole sunaye su zama na wata duniya. Umaru Dembo ya riga ka hawa. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya haɗu da baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo. Sunan halitta ne ba na gari ba, amma darasin ɗaya ne. Baƙo ne sosai, ba a taɓa raɗa wa kowa shi ranar suna ba, duk da haka kunnen Bahaushe yana jin ƙoli a cikinsa, sai ido ya ɗaga sama da kansa.

Su Turawan da kake kwaikwayo ma ba haka suke yi ba, waɗanda suka iya ɗin. Tolkien, mai The Lord of the Rings da ya fito a 1954 da 1955, malamin harsuna ne a jami'ar Oxford. Harsunan ya fara ginawa, da nahawunsu da komai, shekaru masu yawa, sannan ya nemo musu mutane da ƙasa. Shi ya sa sunayen duwatsunsa da kogunansa suke da dangantaka da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Masu fim ɗin Star Wars na 1977 kuwa da suka je Tunisiya ɗaukar hoto, sunan garin Tataouine suka ɗan murɗa ya zama duniyar hamada ta Tatooine. Sun tsallaka teku sun zo Afirka neman suna, kai kana zaune a tsakiyar rumbun kana lasar allon waya.

A talabijin ɗinmu ma dubi Kwana Casa'in na Arewa24. Suna son su yi maganar gwamna da maguɗin zaɓe da asibitin da ba magani, ba sa son wani ya ce da shi ake, sai suka ƙirƙiro Alfawa. Sunan ya yi kama da gaskiya har mutum zai iya rantsuwa ya taɓa wucewa ta wurin a mota. Masu shirin Daɗin Kowa kuwa ba su ma sha wahala ba, akwai na gaske a jihar Gombe, da madatsar ruwansa.

Yanzu bari in taɓo inda ke maka ciwo. Kai da kakanninka suka gina Birnin Gazargamu, me ya kai ka roƙon suna? Faɗe shi a hankali ka ji: Ga-zar-ga-mu. Akwai ganga a ciki, akwai kofaton doki. Mai Ali Gaji ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 15, Mai Idris Alauma ya yi mulki a cikinsa, fadarsa da jan bulo aka gina ta, kufansa yana nan cikin jiharmu ta Yobe wajen Gaidam. Fiye da shekara ɗari uku yana babban birnin daula. Na fahimci dalilin da ya sa ba ka son tuna shi, tunda a 1808 mu Fulani muka zo muka karɓi makullin. Na san za ka yi tsalle ka ce ai Shehu Laminu ya kore mu. Ya kore mu, ban musa ba. Dama shanu muka bari a daji ba mai tsaro. Amma shi Shehun da ya tashi gina sabon birni a 1814, me ya kira shi? Kukawa. Bishiyar kuka ya gani a wurin. Mutumin da ya ceto daula guda bai ji kunyar raɗa wa birninsa sunan abin miya ba, sai kai da ko akuya ba ka taɓa cetowa ba.

Kuma harshenku yana da injin buga sunaye, kyauta, ba ya cin fetur. Ku liƙa "ri" a ƙarshen kalma, wuri ya samu: Shehuri, Hausari, duk suna nan a Maiduguri. Mu muna da wuro da mayo, Bahaushe yana da gidan wane, garin wane, tungar wane, rijiyar wane, kwanar kaza, mararrabar kaza. Da ka zauna ka yanke cewa mutanen arewacin daularka da "ri" suke ƙare sunayensu, na kudu kuma da sunan bishiya suke farawa, da mai karatu ya gane an tsallaka iyaka ba sai ka buga masa ganga ba. In yaƙi ya ci wani gari, sai sunansa ya zama biyu, na masu gida da na waɗanda suka ci shi, tsofaffi na kiran ɗaya, 'yan haraji na rubuta ɗaya. Tarihin shekara ɗari ke nan a kalma biyu.

Taswirar da ka zana a shafin farko ba zan daɗe a kanta ba, don ina jin tausayinka. Kogi ya taso daga teku ya hau dutse. Dusar ƙanƙara tana maƙwabtaka da hamada, ko katanga babu. Abin da na nema ban gani ba shi ne inda mutanen Xarvaqiya ke shan ruwa. Birni mai ƙofa arba'in, ba rijiya, ba tafki, ba fadama. Kai da ka san yadda ake layin jarka a bakin burtsatse cikin watan Afrilu! Jihar nan tamu da aka yanko daga Borno a 1991 sunan kogi ta ci, Komadugu Yobe. Ruwa ne ma ya sa duniya ta san ƙauyen Dufuna da ke ƙaramar hukumar Fune: a 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwalen da masana suka ce ya kai shekara 8,000. Makiyayin nan, ka sani na sani, Bafulatani ne. Mu ne dai kullum masu tono muku tarihinku, ku kuna can kuna gyara zaman hula.

Don kada ka ce na fi ƙarfi a baki, na gwada da kaina. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na zauna bayan sallar isha'i zan ƙera maka sunaye goma na maye gurbi. Na farko ya fito Birnin Bokolo. Na biyu Tudun Rahaji. Na uku Mashayar Bunaji. Uwargida ta leƙo ta karanta, ta ce, "Wannan daula ce ko garke?" Na yage shafin. Na sake yunƙurawa na haɗa wani suna mai daɗi wanda na tabbata ba a taɓa jin sa ba, na kwana ina alfahari. Da safe na faɗa wa tsohon direban nan, ya ce ai ya san garin, tayarsa ta taɓa fashewa a wurin, har ya kwatanta min mai facin. Ka ga aikin ba sauƙi gare shi ba, na yarda. Amma ko ba komai nawa garuruwan ana iya fashewar taya a cikinsu.

Saura tambaya ɗaya, ita ce ta hana ni barci. Mutumin Kano Bakano ne, na Katsina Bakatsine, na Zazzau Bazazzagi, na Gobir Bagobiri. Mutumin Xarvaqiya fa? Baxarvaqe? Matarsa Baxarvaqiya, wato ita da garin sunansu ɗaya? Kano ta Dabo ce, Katsina ta Dikko, naka birnin na wa ne, wane maroƙi zai iya wasa shi bai ciji harshensa ba? Sannan duk babi goma sha biyun nan na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane gari yana da abokin gaba, amma ban ga mai abokin wasa ba. Kanawa suna da Zage-zagi, Gobirawa suna da Yarabawa, kai Allah Ya rufa maka asiri Ya ba ka ni. Su mutanenka wa ke tare su a kasuwa ya kwaikwayi maganarsu? Wa ke ce musu ɓarayin kaji, su yi dariya su rama? Wa ya laƙaba wa garinsu sunan tsiya wanda ya fi na gaskiyar bin bakin mutane? Shekara dubu ka ce daular ta yi, a ce a cikin shekara dubu ba wanda ya taɓa tsokanar wani?

Don haka ga hukuncina a matsayin ubangidanka. Ka goge X da V da Q, ka mayar wa mai kemis kayansa. Ka haƙa wa birnin rijiya. A bayan ganuwa ta yamma, inda ka bar fili fari fat, ka zana ruga guda, ko bukka biyar ce, ka zuba mata mutane siraran nan masu sanda a kafaɗa waɗanda za su riƙa kawo nono da safe suna kiran sarkin birnin bawansu. Sunan rugar kada ka wahalar da kanka, ni zan raɗa, ragon sunan kuma kai za ka saya.

Laraba mai zuwa ina teburin mai shayi bayan isha'i. Ka zo da babi na ɗaya da aka gyara, ka zo da kuɗin shayin mutum huɗu, mu kuma ƙarasa jayayyar kuɗin sharar bara. Tsohon direban ya ce in gaya maka, in Zulkaramdiyus ɗin nan yana maganin ciwon baya, a taho masa da kati biyu.